Sun San Bali, Ba Su San Matsirga Ba

Duk ƙarshen shekara, da zarar hunturu ya sauka Abuja kuma ofisoshi sun yi fayau, sai hotuna su fara yawo a wayoyin ma'aikatan Sakatariyar Tarayya. Ga wani darakta tsaye gaban tagwayen hasumiyoyin Petronas a Kwala Lamfur. Ga hadimin minista ya naɗe ƙafar wando yana taka rairayin bakin teku a Puket. Wata kuma tana cikin kwale-kwale a kasuwar kan ruwa da ke wajen Bankok. In an dawo aiki a watan Janairu, hirar ɗaya ce: tsaftar tituna, jirgin ƙasan da ba ya saɓa lokaci, ɗan sandan da ke nuna wa baƙo hanya ba tare da ya miƙa hannu ba. Daga nan a yi ajiyar zuciya, a ce ƙasar nan sai addu'a, a koma kan fayil.

Babu wanda ya isa ya zargi mutumin da ya tara halalinsa ya kai iyalinsa buɗe ido. Tafiya mabuɗin ilimi ce. Abin tambaya shi ne wane ilimi ake dawowa da shi, domin yawancin masu wannan hira ba su taɓa taka Kafanchan ba, alhali tafiyar ba ta cin rabin yini a mota, ko an bi ta Bwari da Jere da Kwoi, ko an zagaya ta Keffi da Akwanga.

A ranar 1 ga Janairu, lokacin da wasunsu ke zaman jiran canjin jirgi a Doha ko Adis Ababa, mutanen Kagoro na bikin Afan a gindin duwatsun da suka haura mita 1,200. Maharba na fitowa da kwari da baka, masu rawa na zuwa daga ƙauyuka, 'yan asalin garin na dawowa gida daga Legas da Kaduna. Daga maɓuɓɓugan waɗannan duwatsu ne ruwan Matsirga ke tasowa, ya gangaro har kusa da Kafanchan, ya zubo daga kan dutse kusan mita 30 zuwa cikin kwazazzabo. Da damina, tun daga nesa ake jin rugugin faɗuwarsa. A Kwoi kuma al'ummar Ham na da bikin Tuk Ham. Teku kam babu. Amma wanda ya je Ubud a tsibirin Bali ya san cewa can ma ba teku ake kallo ba: gonakin shinkafa ne a jikin tudu, da raye-raye, da magangarar ruwa.

Amsar da za a bayar sananniya ce, kuma ba ƙarya ba ce: tsaro. Sunan Kafanchan ya daɗe yana tafiya tare da rikicin watan Maris na 1987, wanda ya faro daga kwalejin horar da malamai ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa. Zangon Kataf ya biyo baya a 1992. A 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an ƙone kasuwar garin, an yi asarar rayukan Musulmi da Kirista. Daga baya hare-haren dare da satar mutane suka addabi ƙauyuka. A ranar 19 ga Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari gidan shaƙatawar nan mai siffar fadar Turawan da, wanda wani Bajamushe ya gina a Kajuru, suka kashe mutum biyu, ɗan Nijeriya da wata 'yar Birtaniya. Duk wanda ya ce wa magidanci ya ɗebi 'ya'yansa ya nufi can ba tare da bincike ba, bai yi masa adalci ba.

Sai dai a dubi kalanda. Kwana biyu kacal bayan harin Kajuru, ranar 21 ga Afrilun 2019, bama-bamai sun tashi a majami'u da manyan otal-otal na Siri Lanka, mutum sama da 250 suka mutu. A 2024 ƙasar ta karɓi baƙi kimanin miliyan 2. Bali ɗin da ake yabo, a daren 12 ga Oktoban 2002 an kashe mutum 202 a unguwar Kuta. Puket kuwa igiyar tsunami ta afka mata ranar 26 ga Disambar 2004. Waɗannan wurare ba su tsira daga masifa ba. Bambancinsu da Kafanchan yana cikin abin da hukuma ta yi washegari. Indonesiya ta kama na farko cikin maharan Bali kafin wata guda ya cika, ta gurfanar da su a kotu a bainar jama'a, ta kafa rundunar 'yan sanda ta musamman a 2003, ta kuma zartar da hukuncin kisa kan uku daga cikinsu a 2008. A kudancin Kaduna kwamitocin bincike sun yawaita, amma hukuncin da ɓangarorin biyu suka yarda adalci ne ya yi ƙaranci. Baƙo ba ya gudun wurin da aka taɓa yin ta'asa. Wurin da ba a san abin da ya biyo bayanta ba yake gudu.

Nan ne maganar ta dawo kan teburin masu hotunan. Abin da ya burge su a Asiya aikin ofis ne. Wani ma'aikaci ne ya sa hannu kan kasafin gyaran hanyar da ta kai su bakin teku. Wani ya tsara horon masu yi wa baƙi jagora, wani ya tabbatar akwai banɗaki mai ruwa a ƙofar shiga, wani ya kafa allon da ke bayanin wurin. Mutanen da ke riƙe da irin waɗannan kujeru a Nijeriya su ne masu ajiyar zuciyar.

Za a ce yawon buɗe ido lamarin jiha ne, kuma gaskiya ne cewa Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2013 cewa rajista da sa ido kan otal-otal na jihohi ne. To, 'yan sanda fa? Sojoji fa? Layin dogo fa? Kafanchan gari ne da dogo ya raya: a 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu ya iso nan ya haɗe da na Kaduna, wani reshe ya haura Jos, shi ya sa garin ya tara Ibo da Yarbawa da Hausawa a kan Fantsuwam da maƙwabtansu. A watan Maris na 2021 aka ƙaddamar da aikin farfaɗo da layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ta Kafanchan yake ratsawa. Ɓangaren Fatakwal zuwa Aba ne ya fara aiki a 2024. A Siri Lanka, tsohon layin da Turawan Ingila suka shimfiɗa don kwasar ganyen shayi, daga Kandi zuwa Ella, shi kansa ya zama abin da baƙi ke biyan kuɗi su hau. Ƙaramin jirgin Darjilin na Indiya ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1999, shekarar da Sukur ta Adamawa ta shiga. Turawan mulki ɗaya ne suka gina su duka. Wasu sun riƙe nasu.

Abin da ya fi ciwo shi ne Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu a ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba. A 1943 wani kan ya bayyana kusa da Jama'a, bayan wani ma'aikacin ma'adinai ya kafa shi a gonar doyarsa a matsayin mutum-mutumin korar ɓarna. Bernard Fagg ya gane cewa hannu iri ɗaya ne ya ƙera su, ya raɗa wa al'adar sunan ƙauyen, shi ne kuma ya kafa gidan tarihin Jos a 1952. Binciken da Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta fara a 2005 ya kai asalin al'adar zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Abin da aka tono a wannan bincike, a Jamus aka fara baje kolinsa a 2013. Kafin nan, masu haƙar sata sun riga sun yi wa ƙasar kaca-kaca, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sanya kayan Nok a jerin abubuwan da ta yi gargaɗi kan cinikinsu a shekarar 2000. A wannan shekarar dai aka baje wasu sassaƙen Nok a gidan tarihin Louvre da ke Faris. Bayan ce-ce-ku-ce, Faransa ta amince a 2002 cewa mallakin Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Lissafin ba wuya: wa'adin 2027 ne. Akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi a ƙauyen Nok a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Jami'an da suka ga Nok a bayan gilashi a Turai, nawa ne cikinsu suka san hanyarsa?

Ana kuma iya kwaso darasin da bai dace ba daga Asiya. Tailan, wadda ta karɓi baƙi kusan miliyan 40 a 2019, sai da ta rufe gaɓar Maya a 2018 saboda cunkoso ya kashe murjanin teku, ba ta sake buɗe ta ba sai 2022. A kudancin Kaduna haɗarin wani ne daban, kuma ya fi wannan kaifi: ƙasa. Rikicin Zangon Kataf daga batun sauya wa kasuwa matsuguni ya tashi. Duk wanda ya zo da takarda daga Abuja ko Kaduna ya killace bakin Matsirga ya miƙa wa ɗan kwangila, ba tare da sarakuna da masu gonaki sun san rabonsu ba, sabuwar fitina ya shuka. Kuɗin shiga, aikin jagora, sayar da abinci da cittar da yankin ya yi suna da ita, dole mutanen wurin su ga nasu a hannu.

A 2024 Fadar Shugaban Ƙasa ta dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa ƙetare da kuɗin gwamnati har wata uku, daga 1 ga Afrilu. Wa'adin ya cika, an koma gidan jiya. Da za a wajabta wa kowace ma'aikata ta kai ko da ɗaya daga tarukan bitarta na shekara zuwa gari irin Kafanchan, da an ga canji, domin kowa ya san ɗabi'ar hukuma a ƙasar nan: ranar da babban sakatare zai bi hanya, ranar ake cike ramukanta, ranar kuma ake ganin motar sintiri a kowace kwana. Masu otal ɗin garin za su gyara ɗakuna in sun san za a dawo baɗi. Ma'aikatar da ke kula da al'adu da yawon buɗe ido, wadda aka haɗe wuri guda a Oktoban 2024, ita ta fi cancanta ta fara. In tana neman abin da za ta tattauna a zaman farko, fayil ɗin aron da aka bai wa Faransa yana nan.