DAIDAI RUWA, DAIDAI TSAKI



A wannan makon za mu yi magana a kan ƙananan motocin da muke hawa daga tashar Zuru zuwa Ribah, Mahuta ko Kontagora. Da yawanmu da su muke tafiya hutu, wasunmu kuma suna koyon kanikanci a gareji bayan an tashi daga makaranta. Saboda haka maganar ta shafe mu.

Idan injin mota ya buga, mai ita yakan sayo na Beljiyam a ɗora. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗauko ƙaton inji a cusa wa ƙaramar mota don kawai ta riƙa tsere wa sauran a hanya.

Mu ɗauki misali da Golf 3, wadda kamfanin Volkswagen na Jamus ya fitar a 1991. Akwai mai ƙaramin inji lita 1.4, akwai kuma VR6 mai silinda shida, lita 2.8. Kamfanin bai tsaya ga inji kaɗai ba. Ya ba babbar birki mai ƙarfi, tayarta ma noti biyar gare ta, ta ƙaramar kuwa huɗu. To idan masu ƙera motar sun ga dole a ƙara birki, don me mu za mu ƙara inji mu bar tsohon birki?

A darasin kimiyya mun koyi cewa idan gudun mota ya ninka biyu, nisan da za ta ci kafin birki ya tsayar da ita yakan ninka huɗu. Ku tuna da ramukan hanyoyinmu, da shanu masu tsallakawa, da yara 'yan talla. Ga mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ga buhunan dawa a but.

Babban inji yana da nauyi, yana danne gaban mota, sitiyari ya yi gardama a kwana. Ƙaramin lagireto ba zai iya sanyaya shi a zafin watan Afrilu ba. Ga shan mai, alhali tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san kuɗin lita.

Direbobi za su ce babban inji ya fi jan kaya da hawa tudu. Gaskiya ne, kuma mun san abinci suke nema. Amma wanda ya matsa sai ya ɗora, to ya canza birki, lagireto, shokozoba da tayoyi tare. In kuɗin bai kai ba, ya sa irin injin da motar ta zo da shi.

Muna roƙon iyayenmu direbobi da makanikai su duba wannan. Mu kuma 'yan koyo, mu riƙa tambayar oga cikin ladabi: "Oga, birkin fa?"

Allah ya kiyaye hanya, amin.

Daga ɗan aji biyu, a madadin Ƙungiyar 'Yan Jarida.