Karatun Tarihin Dabarun Yaƙi A Jami'a: Amsa Ga Wani Attajiri

Ina so in ɗora alƙalami bisa wata magana da ta taso a zaurena, nan unguwar Kusugu.

Wani attajiri, abokina tun muna ƙuruciya, ya kawo mini ƙarar ɗansa. Yaron ya yi allo a hannuna har ya sauke, sa'an nan ya bi boko ya sami digiri a kan tarihi. Yanzu ya ce zai tafi Kaduna, makarantar horon hafsoshin soja wadda aka kafa a 1964, inda a ke da sashen tarihi da nazarin yaƙi, domin ya karanta yadda magabata suka yi tunani game da yaƙi. Alhali kuwa shi ba soja ba ne, ba ya kuma da niyyar zama. Uban ya ce mini, "Malam, wannan karatu a wace kasuwa a ke sayar da shi? Wanda ba zai riƙe bindiga ba, ina ruwansa da ilmin faɗa?" Na ce, "Alhaji, ba ni kwana uku." To, ga abin da na tattara, na ga ya dace in shimfiɗa shi gaban jama'a.

Da farko a gane abin da a ke karantawa. Harbi da fareti aikin bariki ne. Abin da a ke nema a jami'a shi ne amsar waɗansu tambayoyi: don me a ke fita yaƙi, yaushe ya kamata a ƙi fita, wa zai ciyar da runduna, ina iyakar abin da ya halatta ga mai nasara, kuma ta yaya a ke komawa ga zaman lafiya. Ku fatake kun fi kowa sanin bambancin. Mai kora jaki ya san jakinsa, amma madugu shi ne ya san rijiyoyin hanya da sarakunanta da inda 'yan fashi ke tare ayari. Wannan ilmi na madugu ne.

Ko labarin da mu ke ba baƙi a bakin rijiyar nan akwai wannan tunani a cikinsa. An ce Sarkin Barno bai kara da Bayajida gaba da gaba ba. Aure ya ba shi, sa'an nan ya riƙa aron mutanensa kaɗan kaɗan har ya bar shi ba runduna. An kuma ce kafin Bayajida ya iso Daura sai da ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Labarin kaka da kakanni ne, ban ɗauke shi hujja ba, amma waɗanda suka tsara shi sun san cewa a kan ci yaƙi tun kafin a ja daga.

Turawa suna da malamansu a wannan fanni. Babbansu shi ne Clausewitz, hafsan Jamus, wanda aka buga littafinsa a 1832 bayan mutuwarsa. Jigon maganarsa shi ne yaƙi bara ne ga siyasa, kadan ya kuɓuce wa manufar da aka tayar da shi dominta, ya zama ɓarna. Ban ƙi a karanta shi ba. Abin da na ƙi shi ne yaro ya haddace ra'ayin Bajamushe, bai san cewa Ibn Haldun ya yi babi guda a kan yaƙi cikin Muƙaddima tun 1377 ba. A can ya raba faɗa gida biyu: na masu shirya sahu su matsa gaba ba ja da baya, da na masu kai hari su zame su sake dawowa, irin na Larabawan ƙauye da Barbar. Ya bayyana cewa masu hari da zamewa suna bukatar mafaka a bayansu, ko raƙuma ko kayan zango, inda za su koma su sake shiri. Ya kuma ce sau da yawa nasara ta kan zo daga ɓoyayyun dalilai, kamar dabara da tsoron da ya shiga zukata, fiye da yawan dawaki. Duk wanda ke zaune a Jihar Katsina ya karanta wannan babi, zai ga kamar da daji da babura a ke magana.

Mu ma ba mu rasa namu ba. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, Babba Zaki kuma shi ya fara ajiye 'yan bindiga su tsare sarki. A Barno, Imam Ahmad ɗan Furtuwa ya rubuta yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma a 1576 da 1578, har da zancen 'yan bindigar Turkawa. Sai kuma malaman Sakkwato, waɗanda suka yi yaƙi da rana suka rubuta shi da dare.

Nan zan daɗe kaɗan, domin nan taskar ta ke. A Tabkin Kwatto, cikin 1804, jama'ar Shehu ba su da dawaki sai 'yan kaɗan, suka ci Gobirawa masu lifidi da taimakon 'yan baka da suka tsaya ba su watse ba. Wannan kowane almajiri ya san shi, don yana da daɗin faɗi. Amma a ƙarshen shekarar nan aka yi Tsuntsuwa, inda jama'a suka sha kashi, mahaddata Alƙur'ani wajen 200 suka kwanta. A 1805 aka yi Alwasa, ita ma da asara mai yawa. Alkalawa ba ta faɗi ba sai 1808. Muhammadu Bello cikin Infaƙul Maisuri, da Abdullahi ɗan Fodiyo cikin Tazyinul Waraƙati, ba su ɓoye waɗannan ba. Sun ambaci yunwa, sun ambaci saɓa wa umarni, Abdullahi ya zargi masu kwaɗayin ganima har ransa ya ɓaci ya bar runduna ya nufi gabas, ya tsaya a Kano. Mu malaman zaure mu kan karanta waɗannan littattafai domin tabarruki da daɗin Larabci, mu wuce. Da wuya ka ji ɗayanmu ya tsaya ya tambaya me ya sa aka yi nasara a can aka kasa a nan. Wannan laifinmu ne, ni ma ina ciki.

Sa'an nan a duba abin da Bello ya yi bayan ya hau. Ya ci babban yaƙi a Gawakuke a 1836, amma hare-hare daga Maraɗi da Tsibiri ba su ƙare ba, domin mai hari ba ya tsayawa a ci shi sau ɗaya. Maganin da ya fi dogara a kansa shi ne ribaɗi: garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, da mayaƙa masu noma abincinsu, da masallaci da makaranta da kasuwa, da jawo makiyaya su zauna wuri guda. Shi da kansa ya tare a Wurno, can ya rasu a 1837. Ba na cewa a kwafi ribaɗi yadda ya ke. Amma tun da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, mutanen Batsari da Safana da Jibiya kuma suka sha abin da suka sha daga dajin Rugu, ya kamata a sami masu ilmi da za su iya zama su auna dabarar Bello da halin da a ke ciki. Alhaji da ke tambayar kasuwa, shekara nawa motarsa ta yi tana kewaye hanya, kuma nawa ya biya a kan haka?

Daura kanta darasi ce. Bayan Malam Isiyaku ya karɓi garin da tutar Shehu, gidan sarautar Haɓe ya rabu, waɗansu a Zango, waɗansu a Ɓaure, suna rayuwa tsakanin ƙarfin Kano da na Damagaram, inda Sarki Tanimu ya tara bindigogi da igwa. Ba a mayar da su gida ba sai 1906, zamanin Malam Musa. Yadda ƙaramar ƙasa ke tsira tsakanin manya biyu, wannan babi ne da jami'o'in duniya ke karantarwa, ga shi a ƙofar gidanmu. M. G. Smith, baƙo daga Jamaika, shi ya zo ya rubuta littafi a kansa a 1978.

Akwai malamai da za su ce wannan karatu zai tunzura samari, alhali mun ga abin da fitina ta yi a Barno tun 2009. Tsoronsu yana da dalili. Amma na lura waɗanda aka yaudara an ba su labarin nasara ne tsura, ba a karantar da su sharuɗɗa ba, ba a gaya musu hukuncin mata da yara da tsofaffi da manoma da masu amana ba. Ba su kuma san cewa a 1903, sa'ad da Turawa suka zo da bindiga mai ruwa suka ci Kano a Fabrairu suka ci Sakkwato a Maris, manyan malamai sun yi saɓani da hujjoji a kan hijira ko faɗa ko sulhu. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya yi shahada a Burmi, Waziri Buhari ya zauna da jama'a ya rubuta risala yana bayanin uzurinsa. Yaron da ya karanta ɓangarorin biyu da wuya a kora shi daji da magana ɗaya.

Sharaɗina ga jami'a guda ne. Kada a ba mutum shaidar ƙwarewa a tarihin yaƙin ƙasar Hausa alhali ba ya iya karanta Larabci ko ajami, sai fassarar fassara. Takardun suna nan a Gidan Arewa a Kaduna, da gidajen malamai a Katsina da Kano da Sakkwato, waɗansu gara na ci. A gayyaci malaman zaure su zauna da ɗaliban, kowa ya kawo abin da ya iya.

Alhaji ya saurara, ya ce zai biya kuɗin shekara ɗaya ya gani. Ni kuma na ɗora wa yaron nawa sharaɗi: kowace Alhamis bayan la'asar, kadan yana gari, zai zo mu karanta Infaƙu tare, shi da taswirarsa, ni da ƙamus. Makon jiya muka iso Tsuntsuwa, ya tambaye ni nisan wurin daga Alkalawa, da abin da dawaki suka ci a watan. Na ce ya bari sai na tambayi wani abokina a Sakkwato.