A Kashe Fitilar Tsakar Gida Kafin A Kwanta



Duk wadda ta kwana a Kazaure ko Babura, ko ta je biki Roni ko Gwiwa, ta ga yadda fitilun sola suka yawaita, a bakin titi, a ƙofar masallaci, har tsakar gidajenmu. Alhamdu lillahi, an huta da sayen kananzir, ana kuma ganin kunama kafin ta yi harbi. To amma da bazara, da ɗaki ba ya shiguwa, a waje muke shimfiɗa tabarma mu da yara, farin ƙwai yana haska mana fuska har asuba. Nan ne nake jin tsoro.

Jikin ɗan Adam da duhu yake gane dare ya yi. In duhu ya shiga, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari mai suna melatonin, jiki ya natsu. Haske mai ƙarfi yana tauye shi. A 2022 masana a Amurka sun kwantar da matasa masu lafiya cikin haske dare ɗaya tak. Zuciyarsu ta yi ta bugawa da sauri, da safe kuma jikinsu ya sha wahalar sarrafa sukarin jini. A 2022 ɗin kuma wani bincike a ƙasar Sin, kan mutum fiye da 98,000, ya nuna ciwon suga ya fi yawa da kashi 28 cikin ɗari a wuraren da suka fi hasken waje da dare. Ban ce fitila kaɗai ke kawo ciwon ba. Akwai gado, akwai ƙiba, akwai abinci. Amma wannan kam a hannunmu yake.

Na san abin da za ku ce: ɓarawo fa? To, ki shawarci maigida cikin ladabi, a mai da ƙwan zaure ko bayan katanga, fuskarsa na kallon ƙasa. Tocila a gefen matashi ta isa duba yaro ko fita bayan gida.

Ku kuma 'yan makaranta, ina ganinku a aji kuna gyangyaɗi tun darasin farko. Ku yi bitarku bayan isha'i, in kun rufe littafi ku kashe fitila, wayar ma a kife ta.