Amurka: wa ya kashe besbol na unguwa?

Duk wanda ya ga yadda Amurkawa suka rungumi ƙwallon ƙafa, musamman tun zuwan Lionel Messi ƙungiyar Inter Miami a shekara ta 2023, sai ya zaci dama can wasansu ne. Alhali kuwa wasan da suka gada kaka da kakanni shi ne besbol: ƴan wasa tara-tara, wani ya jefo ƙaramar ƙwallo, wani ya make ta da kulki, ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu kafin a maido ta.

A da, wasan unguwa ne. Yara kan haɗu a kangon fili bayan an taso makaranta, babu alƙali babu mai horarwa. A birnin New York ma tsakiyar titi suke yi da sandar tsintsiya da ƙwallon roba. A shekara ta 1939 wani mai suna Carl Stotz ya kafa gasar yara ta Little League a garin Williamsport na jihar Pensilbaniya, iyaye na aikin sa kai, ƴan kasuwar unguwa na sayen riguna. Yau kuwa da wuya ka tarar da yara sun haɗa wannan wasa da kansu. Binciken cibiyar Gallup ya nuna a 1948 kashi 39 cikin ɗari na Amurkawa besbol suka fi son kallo. A 2017 sun koma kashi 9, ƙwallon ƙafa na biye da kashi 7.

Tamola ba dare ɗaya ta shigo ba. A 1964 aka kafa ƙungiyar yara ta AYSO a Kalifoniya da kulob tara kacal, bisa sharaɗin kowane yaro sai ya buga. Dokar 1972 da ta hana nuna wa mata bambanci a makarantu ta buɗe wa ƴan mata fage. Pele ya zo New York Cosmos a 1975, aka yi gasar kofin duniya a ƙasar a 1994, gasar MLS ta soma a 1996, sannan a 1999 mutum sama da dubu 90 suka kalli wasan ƙarshe na kofin duniya na mata. Ga kuma baƙin da suka taho da wasansu daga Meksiko da sauran ƙasashen Latin Amurka. Iyaye ma sun lura ɗan shekara biyar yana iya bin ƙwallo da gudu, amma a besbol sai ya daɗe tsaye yana jiran layi ya zo kansa.

To sai dai a nan ne masu ɗora wa tamola laifi suke kuskure. Abin da ya kwantar da besbol na unguwa shi ne kuɗi. Kangayen filaye sun zama gidaje da wuraren ajiye motoci, iyaye sun daina barin yara su fita su kaɗai, sai ga ƙungiyoyi masu zaman kansu da ake biya, masu yawo da yara gari-gari, abin da kan ci dubban daloli a shekara. Suka kwashe gwanaye, suka bar unguwa da ragowa.

Baƙar fata ne suka fi jin jiki. Jackie Robinson ya karya shingen wariyar launi a wannan wasa a 1947, kuma a 1991 kimanin kashi 18 cikin ɗari na ƴan babbar gasar ƙasar baƙaƙen Amurka ne. A 2024 sun dawo wajen kashi 6. A wasannin ƙarshe na 2022 tsakanin Houston da Philadelphia ba a samu ko ɗaya haifaffen Amurka ba, karo na farko tun 1950. Waɗannan yara ba tamola suka koma ba, ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga ne suka janye su. Shirin RBI da John Young ya soma a Los Angeles a 1989 domin farfaɗo da wasan a unguwannin talakawa ya taimaka, amma bai juya lissafin ba.

Ita ma tamolar wannan ciwon ke cin ta. Wasan da a ko'ina cikin duniya na ɗan talaka ne, a Amurka ya fi zama na masu hali, domin kulob na gari sai da kuɗi. Lokacin da Trinidad da Tobago ta hana Amurka zuwa kofin duniya na 2018, wannan tsari na biya-ka-buga yana cikin abubuwan da aka fi zargi.

Ke nan ba wani wasa ne ya kori wani ba, filin kyauta ne ya ɓace. Mu da yaranmu ke buga balo babu takalmi a Maraɗi, Damagaram da Tahoua, ya kamata mu sa ido duk lokacin da aka zo yanka filin unguwa. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.