Fadamu Biyu a Bakin Kogin Olentangy



Malamanmu na fiƙihu, idan suka zo babin tsarki, sukan ɗora hukuncin ruwa a kan siffofi uku, wato launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa, su ce muddin babu ɗaya daga cikinsu da ya jirkita, to, ruwan yana nan bisa asalinsa. Wannan mizani ya wadatar ga ibada, babu mai ja da shi. Amma zamani ya zo da wata irin gurɓata wadda ido ba ya ganinta, harshe ba ya jin ta, alhali kuwa tana iya hallaka kifin teku a nisan mil dubu daga gonar da ta baro, ita ce rarar takin zamani, wadda shuka ba ta ci ba, ruwan sama ya wanke ta zuwa rafi.

Asalin lamarin shi ne, tun daga shekarar 1913, sa'ad da Jamusawa suka soma sarrafa sinadarin naitirojin daga iska a masana'anta bisa hanyar da Fritz Haber ya gano, Carl Bosch kuma ya faɗaɗa, taki ya yi araha har ya kai ga israfi, musamman a tsakiyar Amurka, inda gonakin masara da waken suya suka miƙe iyakar ganin ido. Yawancin waɗannan gonaki kuwa a da fadamu ne da dausayi, waɗanda hukuma da kanta, ta hanyar dokokin da ta kafa tun 1849 da 1850, ta ƙarfafa mutane su tsotse su, bisa zaton cewa ba su da wata fa'ida sai sauro da zazzaɓi. Aka haƙa magudanai, aka binne bututai a ƙarƙashin ƙasa, har jihar Ohayo ta rasa kusan kashi 90 cikin 100 na fadamunta. Ruwan da a da yakan kwana makonni yana ratsa ciyayi da taɓo kafin ya isa kogi, yanzu cikin sa'o'i kaɗan yake faɗawa, ɗauke da duk abin da aka zuba wa gona.

Kogin Misisifi, wanda ke tattara ruwan jihohi 31, shi ke kai wannan kaya zuwa Tekun Meziko. A can sai gansakuka ta samu abinci ta yi ta yaɗo, idan ta mutu ta nutse, ƙwayoyin bakteriya su hau ruɓar da ita, su shanye iskar oksijin ɗin da ke ƙasan ruwa, har ya zama kifin da ke da ikon gudu ya gudu, wanda ba shi da iko, irin su ƙaguwa da tsutsotsin ƙasa, ya mutu a wurin. A damina ta 2017 faɗin wannan matacciyar farfajiya ya haura murabba'in kilomita 22,000. Ba teku kaɗai abin ya shafa ba, domin a watan Agusta na 2014 an hana mazauna birnin Toledo da kewayensa, mutum wajen 400,000, shan ruwan famfo har kwana uku, saboda dafin wata gansakuka da ta rufe gefen Tafkin Erie, inda birnin ke ɗibar ruwa.

To, a kan wannan mas'ala ce wani shehun malami, William Mitsch, ya ƙarar da rayuwarsa ta ilimi. Almajirin Howard Odum ne a Jami'ar Fulorida, kuma daga gare shi ya gaji ra'ayin nan na cewa halitta tana da ikon tsara kanta, aikin injiniya kawai shi ne ya buɗe mata hanya. A 1986 shi da James Gosselink suka wallafa littafin nan mai suna Wetlands, wanda ya zama abin karantarwa a jami'o'i da dama. Mitsch yakan kamanta fadama da ƙoda a jikin ƙasa, domin ita ke tace abin da ke gudana kafin ya wuce gaba. Sai dai kamantawa ba hujja ba ce, shi ma ya san haka, don haka ya nemi ya kafa dalili wanda za a iya aunawa.

A harabar Jami'ar Jihar Ohayo da ke birnin Kwalambas, a bakin Kogin Olentangy, aka haƙa fadamu biyu, kowace hekta ɗaya, masu siffa ɗaya da zurfi ɗaya. A 1994 aka soma turo musu ruwan kogin da injin, dare da rana, daidai wa daida, ana ƙarawa idan kogi ya cika, ana ragewa idan ya janye. Bambanci guda tak aka sa a tsakaninsu: ta farko aka dasa mata tsirrai iri 13, ta biyu aka bar ta taɓo tsantsa, abin da iska da ruwa da tsuntsaye suka kawo mata shi ne rabonta. Daga nan sai haƙuri, domin ɗalibai sun yi ta ɗibar ruwa a mashiga da mafita, suna aunawa suna rubutawa, wasu su sauke karatu su tafi wasu su gaje su, har kusan shekara ashirin. A ganina wannan dogon jimiri shi ne mafi girman abin da ke cikin aikin, saboda galibin bincike irin wannan shekara biyu ko uku ake ba shi kuɗi, a rufe littafi tun fadamar ba ta nuna halinta na gaskiya ba.

Bayan shekara 15, kowace daga cikin fadamun biyu ta tara tsirrai wajen iri 100, wato wadda ba a dasa wa komai ba ta kusa kamo 'yar'uwarta. Duk da haka kowace ta riƙe ɗabi'arta: wadda aka dasa ta fi yawan launin tsirrai masu zama tare, wadda aka bari kuwa kacala ce ta fi rinjaye a cikinta, ta fi ta yabanya, ta kuma fi ta tara ruɓaɓɓen ganye a ƙasa. Ta fuskar tace ruwa kuwa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba.

Inda darasin ya fi zurfi shi ne makomar sinadarai biyu na taki, naitirojin da fosfaras, domin ba hanya ɗaya suke bi ba. Shi naitirojin yana da mafita. A cikin taɓon fadama, inda ruwa ya toshe iska, akwai ƙwayoyin bakteriya waɗanda, da yake ba su samun oksijin, sai su koma numfashi da sinadarin naitiret ɗin da ruwa ya kawo, suna cin ruɓaɓɓen ganye, su mayar da shi iska ya tashi sama, inda dama kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne. Wato abin da masana'anta ta sauko da shi da wuta da tsada, taɓo ya mayar da shi mazauninsa ba da ko kwabo ba, tsarki ya tabbata ga Wanda ya tsara haka. Shi kuwa fosfaras, wanda manomanmu suka sani a takin sufa, ba shi da fuka-fukan tashi. Iyakarsa ya kwanta tare da laka, ya manne wa ƙarfe da farar ƙasa da ke cikinta, ko tsiro ya sha shi ya sake zubar da shi ran da ya bushe. Ajiya ce ke nan, kuma kowace ma'ajiya tana da ranar cika. Ma'aunin Olentangy ya tabbatar da haka, domin a shekarun farko fadamun suna riƙe wajen kashi 60 cikin 100 na fosfaras ɗin da ya shiga, amma kafin shekara 15 abin ya sauko zuwa wajen kashi 10, alhali na naitiret ɗan sassauci kawai ya yi, daga wajen kashi 35 zuwa 25.

Bisa irin wannan lissafi ne Mitsch da abokan aikinsa suka ba da shawara, tun 2001, cewa a maido da miliyoyin hekta na fadamu da kurmin bakin rafi a kwarin Misisifi, a jera su tsakanin gona da kogi. A 2004 aka ba shi lambar girma ta ruwa ta birnin Sitokhom tare da Sven Erik Jørgensen na ƙasar Denmak, a 2008 kuma aka sanya wurin binciken nasa cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya. Amma lambar girma ba ta sayen fili. Ƙasar da ake so a mayar fadama ita ce mafi albarka a wurin manomi, kuma wanda zai yi asarar gonarsa a jihar Ayowa ba shi ne zai kama jatan lande a Tekun Meziko ba. Ga kuma masu tuni da cewa fadama tana fitar da iskar methane mai ɗumama duniya, muhawarar da har yau ba a rufe ta ba. Ni dai abin da nake tsoro shi ne a ɗauki fadama a matsayin kaffarar israfi, a ci gaba da zuba taki ba awo da sunan akwai mai wankewa.

Kacalar nan da ta yi aiki a Ohayo ba baƙuwa ba ce ga mutanen Haɗeja da Nguru, sai dai su da musiba suka san ta. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da a da takan zo da ƙarfi da damina ta janye sarai da rani ta koma ruwa mai kwanciya duk shekara, ba zurfi ba bushewa, wanda shi ne abin da kacala ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana masunta jefa koma, ta cinye gonakin shinkafa, ta kuma zama masaukin tsuntsun jan-baki. Tsiro ɗaya ne can da nan, yadda ruwa ke shiga da fita shi ya raba hukuncinsu.

Bayan ya koma Fulorida a 2012, Mitsch ya juya ga matsalar cikar ma'ajiyar fosfaras, ya kawo shawarar a riƙa karɓa-karɓa tsakanin fadama da gona: a bar fili cikin ruwa wasu shekaru yana tara takin da ke gangarowa daga gonakin sama, sa'an nan a tsane shi a shuka masara ba tare da an sayi taki ba, idan ƙarfinsa ya ragu a sake sakar masa ruwa. Ya gwada wannan a jerin manyan bahuna cike da ƙasar gona, a Ohayo da Fulorida, ya kuma nemi a maido da kashi 10 cikin 100 na tsohuwar Baƙar Fadama ta arewa maso yammacin Ohayo, wadda Kogin Maumee ke ratsawa kafin ya zuba a Tafkin Erie daidai birnin Toledo.