Su Wa Aka Ƙidaya?

A shekarar 2001, gwajin mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 5.8 cikin ɗari na ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a Nijeriya. Binciken gida-gida na 2018 kuwa ya sami kashi 1.4. Ba raguwar cutar kaɗai ta kawo wannan tazara ba. Waɗanda aka ƙidaya ma sun bambanta.

Haka yake ga binciken tunjere da ciwon sanyi tsakanin masu ƙanjamau. Wanda ya je asibiti shi ake gwadawa, galibi don ya ga alama a jikinsa. Matar ƙauye da kunya ko rashin kuɗin mota ya hana zuwa ba ta cikin lissafi. Lalle ne Ma'aikatar Lafiya ta tambayi kowane mai bincike su wa ya tsallake, kafin ta raba magani bisa alƙalumansa.