"Allah ya ƙara": Dariyar da ta biyo bayan gobarar Majiya

A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa. Jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasar fetur, sai wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu, aka binne da yawansu a kabari ɗaya. Tun ba a gama jana'iza ba wasu suka fara dariyar ƙeta a Facebook da X: wai jahilcin 'yan Arewa ne, wai "aboki" ba ya jin kashedi, wai kwaɗayi ya kashe su.

Kwasar mai daga tankar da ta faɗi ganganci ne, babu mai musu. Amma a watan da abin ya faru litar fetur ta haura naira 1,000, alhali kafin cire tallafi a watan Mayun 2023 ba ta kai naira 200 ba. Matashin da ke ganin jarka ɗaya za ta ciyar da gidansu kwanaki bai yi lissafin mutuwa ba. Kuma wannan ganganci ba shi da ƙabila. A 1998 bututun mai ya fashe a Jesse ta jihar Delta, aka ƙiyasta mutum kusan dubu sun ƙone, akasarinsu masu ɗibar mai ne. Ba Hausawa ba ne.

Mai dariyar ba gawa yake gani ba. Hoton da ya daɗe a kansa yake gani, na ɗan Arewa mara ilimi, sai masifar ta zame masa hujja. Shi ya sa yake jin daɗi: abin da ya yi imani da shi ya "tabbata".

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. Kasuwa ta ƙone a Anacha ko Legas, za ka ji wani na cewa ai son kuɗin Inyamurai ne ya jawo musu, ko kuma azaba ce ta sauka. Wani har da "Allah ya ƙara", bayan ya idar da salla. Ya manta a kasuwannin nan akwai 'yan Kano da Sakkwato masu dako da sayar da albasa.

Wanda wannan dariya ta fi yi wa rana shi ne mai mulki. Muddin laifin na "halinsu" ne, babu mai tambayar dalilin da ya sa ake jigilar fetur ɗaruruwan kilomita a kan tituna masu ramuka, ga bututun mai da depo-depo a kwance. Wata uku bayan Majiya, wata tankar ta kama da wuta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, mutane da dama suka sake ƙonewa. Sai bayan nan hukumar NMDPRA ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 hawa titi daga watan Maris na 2025.